Sashen hanci da kunne da aka yi ma kanena aikin goshi a Katsina, ga yadda na same su

Salam yan uwa. Masu tambaya ta ko wajen ya cancanci a kai mara lafiya, eh wlh ya cancanta, likitocin sun san aikinsu, sai dai ka taho da hakuri da dan rakiya mai karfin kafa. Wani babban asibiti ne a nan cikin garin Katsina, sashen kunne, hanci da makogwaro.

Kanena mashin ya kayar da shi a hanyar Daura wajen Mashi, ba hular kwano, goshi ya bugi kwalta ya lotsa a tsakanin gira. Kumburi ya rufe lotsawar, aka dinke fatar a wani karamin asibiti aka ce ya tafi gida. Abinda ya tada mana hankali shine wani ruwa garau da ke diga ta kafar hanci daya, ba majina ba, duk sanda ya yi ruku'u ko sujada sai ya zubo, yace mani Yaya ruwan nan gishiri-gishiri nake jin shi a makogwaro. Mutanen gida kowa na cewa mura ce tunda lokacin hunturu ne.

Likitan da ya fara ganin mu yana jin maganar ruwan nan ya aje biro yace Malam kar ya sake fyace hanci daga yau, in atishawa ta zo ya bude baki, kar ya yi yunkuri, ya kwanta da filo a tada mashi kai. Sannan ya jawo takarda ya zana mana, kuma wannan zanen shi ya sa na yarda da wajen. Yace a bayan gira akwai kogo a cikin kashi, kamar dakin soro ne mai bango biyu da indararo, bangon gaba mai kauri shi kake tabawa a goshi, na baya siriri ne kuma kwakwalwa na jingine da shi, indararon kuma wata yar hanya ce da majina ke bi ta sauka hanci. In bangon gaba kadai ya karye yawanci matsalar kamannin fuska ce. In na baya ya tsage har fatar da ta lullube kwakwalwa ta yage to ruwan kwakwalwa ne ke diga, kuma kofar da ruwa ya fito ta nan kwayar cuta ke shiga ta kawo sankarau. Duk da Hausa ya yi bayanin, har Inna ta gane, kuma da ta sake tambaya bai nuna gajiya ba, yace Hajiya ki tambaya ko sau nawa ne.

Eksiren da muka zo da shi yace bai wadatar ba sai hoton CT, don shi ke nuna bangon baya da hanyar majinar. Hoton da tsada gsky, amma ban ga laifinsu ba, ba a bude goshin mutum da kintace.

Basu yi gaggawar yanka ba, sun kwantar da shi tukuna don wani yoyon yana toshe kan shi cikin kamar mako guda, nashi bai tsaya ba sai aka shiga tiyata tare da likitan kwakwalwa. Yankan daga saman kunne zuwa saman daya kunnen ne ta cikin gashi, a saukar da fatar goshi, don kar tabo ya fito a fuska, suka like inda ya yage, suka kankare siririyar fatar da ta lullube cikin kogon suka toshe hanyar da ta hada shi da hanci, kashin gaba kuma suka maida shi mazaunin shi da kananan faranti na titaniyom da yan sukurori. Yau in ka gan shi da hula baka cewa an taba shi, Alhamdulillah. Goshin ya dan yi mashi dundurus ba ya jin tabi sosai na wani lokaci, sun fada mana tun kafin aiki cewa hakan na faruwa. Nas din dakin maza ma Allah ya saka masu, ta dare musamman, ita ta nuna mashi yadda zai yi sallah a zaune ba tare da sunkuyar da kai ba.

Inda suka bata mani rai kuwa wajen kati da biyan kudi ne. Layin fayil daban, na biya daban, na famasi daban, ka biya a ce netwok ya dauke ka koma ka jira rasit, mara lafiya na kwance yana jiran magani, sannan rabin abinda aka rubuta babu sai ka fita kemis na waje. Farantin nan ma mu muka biya kudin shi daban kuma babu wanda ya gaya mana jimillar kudi tun farko balle mu shirya, yau a kawo wannan takarda gobe waccan. Talakan da ya taho daga Baure ko Zango da dan guzirin shi ya zai yi? Wannan gyaran bai bukatar wata na'ura, mutum daya ne zai zauna ya rubuta ma dangi lissafi. Wajen zaman yan jinya shima sai a hankali, tabarma muke shimfidawa a baranda cikin sanyin nan.

Ranar sallama likitan ya rike ni ya ja mani kunne akan dawowa asibiti, yace ciwon kogon goshi yana iya lafawa shekaru sannan majina ta taru a rufe ta zama kulli tana cin kashi a hankali har ta turo ido kasa ko waje, don haka ko ya warke sarai kar a yar da katin. In an ga zazzabi da sankarewar wuya, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin goshi ko ido, ko ruwan ya dawo, a kawo shi ko tsakar dare ne kar a tsaya kemis. Mun koma an cire dinki, sun kuma ba mu ranar sake hoto nan gaba. Wanda zai je ya fita tun bayan asuba ya kama layin kati, ya rike tsabar kudi a hannu saboda netwok, kuma ya tafi da duk wani hoto da takardar da aka ba shi a asibitin farko.