Gwajin bakin mahaifa: sista ta kyauta min, ƙofar ɗakinta ta ɓata min rai

Ni allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, tun kafin aure na yi ta, da kuɗina, sau uku cikin wata shida, lokacin ina bautar ƙasa a Abuja. Daga ranar na ɗauka ni da sankarar bakin mahaifa mun yi hannun riga. Fiye da shekara goma ko tunanin gwaji ban yi ba. Da allurar ta iso Sakkwato kyauta a 2024, ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, ni ce ma mai lallashin iyaye a unguwarmu ta Mabera, ina ce musu ku dube ni, na yi, na huta.

Maƙwabciyata ce ta matsa in raka ta gwaji wani asibiti a cikin gari. Rakiya kawai na je. Muna zaune kan benci sai sistar ta leƙo, dattijuwa ce, ta ce, "Hajiya, ke ina katinki?" Na ce ai ni na yi allura. Ba ta yi min dariya ba, ba ta kuma yi min faɗa ba. Ta jawo kujera ta zauna gabana. Ta ce allurar da na yi tana tare ƙwayar HPV nau'i na 16 da na 18, su ne ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwo, amma akwai sauran nau'o'in da ba ta tarewa, kuma su ma suna kisa. Ta ce duk macen da ta kai shekara 30, da allura ko babu, gwaji ya hau kanta. Wallahi jikina ya yi sanyi, don na tuna matan da na gaya wa akasin haka da bakina.

Na yanki kati na shiga. Abin da na fi tsoro shi ne ƙarfen nan da ake buɗe gaba da shi. Ta nuna min shi tukun, ta ɗumama shi a ruwa, ta rufe min ƙafafu da zane, tana gaya min duk abin da za ta yi kafin ta yi. Ta shafa ruwan khal da auduga, ta haska fitila, muka jira minti ɗaya. Ɗan zafi-zafi ne kawai. Ta ce babu farin tabo, in dawo bayan shekara uku. A lokacin da an ce in ba wurin maki, cikakke zan ba su.

To amma ƙofar nan. Ba sakata, labulen kuma bai kai ƙasa ba. Ina kwance wani ma'aikaci namiji ya turo ta, wai fayil yake nema. Sista ta daka masa tsawa ta tare ni da jikinta, Allah ya saka mata, amma ai ya riga ya shigo. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Sakata nawa take a kasuwa?

Abin da ya ƙarasa ni shi ne na maƙwabciyata. Ita an ga tabo a nata, wanda sista ta ce ba sankara ba ne, ana ƙone shi da ɗan na'ura kafin ya zama wani abu. Sai ga wata yarinya mai rubuta sunaye ta tsaya bakin baranda, gaban mata sun fi ashirin, ta kira cikakken sunanta ta ce, "Mai tabo ta dawo ran Talata." A garin da kowa ya san kowa! Baiwar Allah ta ja hijabi ta rufe fuska, har muka hau Keke Napep ba ta ce uffan ba. Mata biyu na gani sun tashi daga layin sun fice.

Zan koma bayan shekara ukun, wajen sistar nan kuma nake so. Ran Talata ni zan raka maƙwabciyata, don ta rantse ita kaɗai ba ta ƙara taka wurin. Sakata kuwa na riga na saya, tana cikin jakata.