Gargaɗi ga masu neman bulok ɗin Mercedes 300E a Kano

Jama'a masu tayar da tsohuwar V-boot, a yi hattara. Akwai dillalan da ke tare mutum tun kafin ya shiga layin 'yan kayan mota a Ƙofar Ruwa, wasu kuma ta WhatsApp, suna sayar da bulok, wato gangar jikin inji, na 260E da sunan na 300E. Su wanke shi, su fesa masa baƙin fenti, su ce ɗan Kwatano ne, sannan su nemi kafin alƙalami.

Abin da ya sa cutar ke tafiya shi ne injinan biyu 'yan gida ɗaya ne, M103, silinda shida a jere, kuma daga waje ido ba ya raba su. Bambancin yana cikin ramin silinda, inda fistin ke hawa da sauka. Faɗin silindar 260E milimita 82.9 ne, na 300E kuwa 88.5. Fistin ɗin 300E ba zai shiga ƙaramin ba, gaskit ɗin sama ma ba ɗaya ba ne. In ka koma da ƙorafi sai a ce maka, "Alhaji, ai bori kawai za a yi masa." Kar ka yarda. Bori shi ne faɗaɗa ramin silinda, kuma borin gyara rabin milimita ne zuwa ɗaya. Cinye milimita 5.6 kuwa sirantar da bangon silinda ne, daga nan sai zafi, sai tsagewa, sai ruwa ya haɗu da baƙin mai.

Fara da lambar da aka buga a jikin bulok. A goge wurin da kananzir, a shafa alli. Lambobi shida na farko su ne shaida: 103.940 na 260E ne, 103.942 na 190E 2.6, na 300E kuma 103.980 ko 103.983. Duba lambar bodin motarka ma, 124.030 ita ce 300E, 124.026 ita ce 260E, don wata motar tambarin bayanta kawai aka canza. In ka ga sawun gurza a wurin lambar, ko lambobin sun karkace, wata ta fi wata zurfi, tashi ka bar shi. Ban da asarar kuɗi, lambar inji da aka sake bugawa tana iya haɗa ka da 'yan sanda.

Lamba ana iya ƙirƙirar ta, rami ba a iyawa. Je da bakanikenka da abin awo, a auna duk silinda shida, sama da tsakiya da ƙasa, tsaye da kwance. Sa farce a bakin ramin: in ya maƙale a gaɓa, bulok ɗin ya ci. Sabon fenti kuwa sau da yawa tsaga yake rufewa, musamman tsakanin silinda biyu da kewayen ramukan kusoshin tof silinda. A kankare fentin, a jiƙa da kananzir, a goge, a barbaɗa alli. Inda tsaga take zai fito da layi mai danshi.

Wanda aka fi mantawa da shi: marufan da ke riƙe karanshaf. Tare da bulok ɗinsu aka huda su a masana'anta, saboda haka na wani bulok ba sa zama daidai, kuma metal, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kai, zai ƙone ba da jimawa ba.

Kar a tura ko sisi a kan hoto. A rubuta cikakkiyar lambar injin a rasit, tare da sharaɗin mayarwa in awo bai yi ba, a shagon da ke da mai shi, a gaban shaida.