Tafiyar kwana tara a Jamaika: awa biyu kacal aka ba mu a Moore Town

Na biya kuɗin wannan tafiya saboda rana ɗaya tak da na gani a jadawalin kamfanin yawon buɗe idon da ya shirya ta, wato ranar da suka ce za mu wuni a Moore Town tare da jikokin bayin da suka ƙwaci kansu daga hannun Ingilishi. Duk wanda ya taɓa tambayarsu ya san abin da suke karɓa, kuma ya san ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai iyali da ke zaune a Ingila. Mu goma sha huɗu ne muka tashi daga Landan a watan Fabrairu, yawancinmu 'yan asalin tsibiran Karibiyan da aka haifa a Ingila, sai ni da wani Alhaji ɗan zangon Kumasi wanda ban taɓa saninsa ba sai a filin jirgi.

Ɓangaren daji da tsaunuka ba ni da ƙorafi a kansa. An tashe mu da ƙarfe biyu na dare muka hau ƙololuwar Blue Mountain, mai tsayin mita 2,256, da tocila a hannu, muna ratsa gonakin kofi da hazo mai jiƙa riga, muka iso sama daidai fitowar rana. An ce idan gari ya yi wasai ana hango Kuba daga can, amma mu gajimare ya rufe mana. Jagoran da ya hau da mu ya san aikinsa, ya yi haƙuri da masu jan ƙafa, kuma ya tsaya ya jira mu muka yi sallar asuba a gefen hanya ba tare da mun roƙe shi sau biyu ba.

A rana ta shida muka bar Port Antonio muka bi kwarin kogin Rio Grande, ta wata hanya mai ramuka da ta ratsa gonakin ayaba, har muka iso Moore Town. Ƙaramin gari ne mai makaranta da coci da fili, tsaunuka sun kewaye shi ta kowane gefe, kuma da ganin wurin mutum zai fahimci abin da ya sa sojojin Ingila suka yi shekaru suna fama da mutanen nan ba su ci galaba ba. Wani dattijo ne ya tarbe mu, da ƙahon saniya rataye a wuyansa. Ya kai mu gaban kabarin da suke kira Bump Grave, inda suka ce nan aka binne Nanny, macen da ta jagoranci yaƙin a wannan yanki, wadda hotonta ke jikin takardar dala 500 ta ƙasar. Ya ba mu labarin yadda Ingilishi suka ƙwace tsibirin daga hannun Sifaniyawa a 1655, yadda bayi suka riƙa gudu suna hawa duwatsu, yadda aka rushe tsohon garin Nanny a 1734, da yadda daga baya Turawan suka gaji suka nemi sulhu, suka ƙulla yarjejeniya da Kojo, jagoran gudaddun bayin yammacin tsibirin, a 1739, sannan da mutanen gabas. Bai ɓoye mana cewa a cikin sharuɗɗan sulhun akwai mayar da duk bawan da ya gudo daga baya ba, kuma na girmama shi da ya faɗi wannan da bakinsa a gaban baƙin da wasunsu jikokin waɗanda aka bari a gonakin rake ne. Wata baiwar Allah a cikinmu ta juya baya tana share hawaye, shi kuwa ya yi shiru ya ba ta lokaci kafin ya ci gaba.

Da ya ɗaga ƙahon ya busa, yana toshe wata 'yar huda da babban yatsa yana sakewa don sauya amo, sai ya ce sunansa abeng, da shi kakanninsu ke aika saƙo daga tsauni zuwa tsauni. Alhaji ya kama hannuna ya matse, ya ce da ni, "Malam, ai ko a Kumasi haka Asante ke kiran ƙaho." Ya matsa gaba ya gaida dattijon, ya gaya masa cewa Kojo a wurinsu sunan wanda aka haifa ran Litinin ne, na ƙara da cewa mu Ɗanliti muke cewa. Dattijon ya san da maganar sunayen ranaku tun da can, amma jin ta daga bakin mutumin da ya tashi a cikin masu yaren ya sa fuskarsa ta sauya, ya bar jawabin da ya saba yi wa baƙi ya koma hira da mu kamar maƙwabta.

A nan ne abin da ba zan manta ba ya faru. A bayan wani gida na hango bishiya mai jajayen 'ya'ya, wasu sun tsage gida uku, baƙin iri mai sheƙi ya leƙo daga cikin wani nama mai ruwan ƙwai. Kwana biyar ina cin wannan abu da busasshen kifi a karin kumallo, suna kiransa aki, shi ne abincin da ƙasar ke alfahari da shi, amma ban taɓa ganinsa a kan bishiya ba sai ranar. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ba ka gane gwanja kusa ba?" Na tsaya cak, domin kakata ta sha ba mu labarin mahaifinta, wanda ya yi fataucin goro daga Kano, cewa idan ayari ya yi watanni a hanya da jakuna da kanwa, ganin wannan bishiya shi ke shaida wa madugu cewa ƙasar Gwanja ta matso. Na ji sunan tun ina yaro, ban taɓa ganin bishiyar ba, sai ga ta a bayan gidan wani bawan Allah a ƙetaren teku. Da na fassara wa dattijon ma'anar sunan, sai ya ce in maimaita masa a hankali, ya maimaita har sau uku, sannan ya shiga gida ya fito da busasshen goro a tafin hannu. Ya ce su bisi suke ce masa, suna kankare shi su dafa su sha idan ciki ya ɓaci. Alhaji ya ce bese ne da Asantanci. Na ce, "Baba, a wurinmu da wannan ake ɗaura aure, da shi ake raɗa wa jariri suna." Ya ja benci ya ce mu zauna mu faɗa masa yadda ake yi.

Ko minti goma ba mu yi a kan bencin ba direba ya fara danna ham. Wakiliyar kamfanin ta zo ta ce mu tashi, wai an riga an kama mana lokaci a wurin masu fito a kogi, idan muka makara kuɗin ya tafi. Na nuna mata jadawalin da suka aiko mana, inda aka rubuta wuni guda a garin, da kiɗan ganguna da yamma, da tattaki zuwa magangarar ruwan Nanny Falls. Ta ce an haɗe ranaku biyu saboda wasu sun nemi a ƙara musu rana a bakin teku. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya tambayi Alhaji, ba wanda ya tambayi matar da ta yi kuka a gaban kabari, wadda daga baya ta gaya mini cewa shekara uku ta yi tana tara kuɗin. Muka bar dattijon tsaye da goro a hannu. Na duba agogo, awa ɗaya da minti hamsin muka yi a garin da Hukumar UNESCO ta sanya al'adunsa cikin kayan gadon duniya tun 2003.

Fiton kansa ba laifi, an ɗaure dogayen gorori wuri guda an kafa kujerar mutum biyu a kai, mai fito yana tsaye a gaba yana tura sanda, kamar yadda a da ake saukar da ayaba zuwa gaɓar teku. Ruwan garau yake, tsuntsaye ko'ina. Amma ni zuciyata ta riga ta ɓaci, kuma a kan gorar nan sauran abubuwan da na yi ta haɗiyewa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Tun kafin mu taso na cika takarda na rubuta cewa ba na cin naman alade, suka amsa cewa sun lura. Da aka kai mu Boston Bay cin gasasshen naman da ake kira jak, kaza da alade a kan itace ɗaya ake gasa su, maiƙon wannan yana gangarawa kan wancan, kuma ba a tanadar mana komai ba. Wani ɗan Rasta mai rumfa a gefen hanya ne ya cece mu da wake da alayyafo da ayaba dafaffe a ruwan kwakwa, tun da su ma ba sa cin alade, kuma daga aljihunmu muka biya. A Kingston kuma na tambayi jagorar birni game da Abubakar Siddiƙu, malamin da aka haifa a Timbuktu, aka bautar da shi shekaru a Jamaika yana rubuta wa ubangidansa lissafi da haruffan Larabci har aka 'yanta shi a 1834, wanda ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa sunan mahaifiyarsa da Hausa Nagode. Ba ta taɓa jin sunansa ba. Ban ga laifinta ba, amma kamfanin da ke tallata kansa da tarihin 'yan Afirka ya kamata ya san akwai Musulmi masu ilimi a cikin waɗanda aka kawo tsibirin, ya kuma sanar da ma'aikatansa.

Da muka sauko daga tsauni a rana ta uku na gaya wa matata a waya cewa tauraro biyar zan ba su. Yanzu biyu nake ba su, kuma biyun ma na jagoran tsauni ne da direban da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na rubuta musu wasiƙa ina neman su mayar da kuɗin wunin da suka yanke, sun amsa da cewa sharuɗɗansu sun ba su damar sauya jadawali, suka yi mini tayin ragi a tafiya ta gaba, na ce ba na so. Ni da Alhaji mun yi magana cewa idan Allah Ya kai mu baɗi za mu koma da kanmu, mu kama ɗaki a Port Antonio, mu ɗauki mota zuwa Moore Town, kuma shi ya ce zai sa a aiko masa da ɗanyen goro daga Kumasi mu kai wa dattijon.