Dambe ko kokawa: wanne za ka kai baƙonka ya kalla?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da gari ya waye na karya kumallo, don ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce abokin aikinka mutumin Ibadan zai kwana biyu a Sakkwato, yana son ya ga wasan gargajiya, kai kuma kana tambaya: dambe da kokawa ba duk jirgi ɗaya ya kwaso su ba? Wanne ne namu, wanne kuma ya fi dacewa ka kai shi?

Ba jirgi ɗaya ba ne. Ƙatti biyu ne a fili, ga makaɗa, ga ƙura, ga layu, iyakar kamarsu ke nan. Tun daga gidan da kowannensu ya fito hanya ta rabu.

Kokawa ta kowa ce. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya yi ta, ko ya iya ko bai iya ba, a bakin gulbi ko wajen kiwo ko bayan an tashi daga makarantar allo. Ta manya kuwa sai kaka, in gero ya shiga rumbu, ciki ya cika, farin wata ya fito. Sannan ne samarin wani gari ke gayyato na wani gari, a share dandali, 'yan mata su jeru gefe guda. Wasan manoma ne, ba a tambayar sana'ar ubanka kafin ka ɗaura bante. Dambe kuwa yana da masu shi: rundawa. Mahauta ne suka riƙe shi, suna yawo da shi gari-gari a lokacin bukukuwa, inda ake yanka ana kuma neman abin kallo. Shi ya sa har gobe kalangu ne kiɗan dambe, kalangun nan da ake kaɗa wa Sarkin Fawa. Yau ɗan dako da ɗan acaɓa da bakanike duk suna ɗaura zare, amma kiɗan bai bar gidansu ba.

Wannan ba zancen baka ba ne kawai. Kyaftin Kilafaton, Baturen nan na Birtaniya da ya zo nan Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa a zamansa na Kano a shekarar ya ji labarin 'yan damben ƙasar Hausa, ya sa kuɗin wuri 2,000 don a zo a yi a ƙofar masaukinsa. 'Yan damben suka zo, mahautan garin na biye da su. Sai da ya gindaya sharaɗin kada a yi na gaske, saboda abin da aka gaya masa na yadda wasan ke ƙarewa. Shekara ɗari biyu ke nan, kuma wanda ya karanta bayaninsa na hannun da aka naɗe zai gane abin da yake gani a gidan dambe yau. Baturen ya sake dawowa, a nan kusa da Sakkwato ajali ya riske shi a 1827. Wannan ka ajiye wa baƙonka, in hira ta mutu a mota.

To, a fili fa?

Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa, a sa tsumma a bi shi da zare har ya yi tauri kamar dutse. Shi ne mashi. Ɗaya hannun a buɗe yake, a miƙe gaba, shi ne garkuwa: da shi ake tare duka, ake auna nisa, ake riƙo kan abokin karawa. Ana shuri kuma. Turmi uku ake yi, a al'ada ba agogo. Turmi yakan ƙare in zare ya kwance ko an sarƙe ko alƙali ya raba. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, haka ake faɗa, kisa. In an yi turmi uku kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su. Ka gaya wa baƙonka wannan tun a hanya, kada ya ji fili ya ɗauki "ya kashe shi!" ya nemi ƙofa.

Ɗan kokawa ba ya duka ko kaɗan. Hannuwansa biyu a sake, aikinsa riƙo da taɗiya da ɗagawa, burinsa kaye. Kuma a nan ne mai gaggawa ke ƙosawa. Ƙatti biyu za su duƙa, goshi kusa da goshi, wannan ya kai hannu wancan ya kaɗe, a daɗe ba abin da ya faru a idon wanda bai sani ba. Alhali kowa na karanta ƙafar ɗan'uwansa ne, yana jiran ya ɗora nauyinsa a inda bai kamata ba. Sai ka waiwaya za ka sayi ruwa, ka juyo ka tarar an gama. Ni an yi min haka ba sau ɗaya ba. Kawuna, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi kokawa a ƙuruciyarsa a yankin Gwadabawa, yakan ce, "Dambe kowa na gani nai, kokuwa sai wanda yas san ta." Akwai son kai a maganar, amma akwai gaskiya.

A Sanagal, in kana son abin mamaki, sun haɗa biyun wuri guda: kokawa ce amma da naushi da hannu tsirara, kuma manyan 'yan wasanta irin su Modu Lo da Balla Gay na biyu suna cika filin ƙwallo a Dakar. Mu a nan ba a gauraya su.

Inda bambancin ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da iyakar ƙasa ta yi musu. Ka bi hanyar Illela, ka ƙetara Ƙonni, mutanen nan danginmu ne, harshe ɗaya, gero ɗaya. Amma can kokawa ce sarauniya. A 1975, zamanin mulkin Saini Kunce, gwamnatin Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ci ta farko. Tun daga nan ake zagayawa da ita jiha-jiha. Jihohi takwas ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa, Tilaberi da Damagaram, kowace ta kawo 'yan kokawa goma, tamanin ke nan, ba ruwan kowa da awon nauyi, a yi ta kaye har a rage mutum ɗaya. Shi ake miƙa wa takobi, da doki da kuɗi. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. An gina filayen kokawa a manyan garuruwan, an sa musu sunayen tsofaffin gwanaye, ana watsa gasar kai tsaye a rediyo da talabijin na ƙasa, ministoci na zaune a rumfa. Na taɓa zuwa Illela a irin kwanakin, na tarar kasuwa ta yi sanyi, kowace rumfa mutane sun yi da'ira a kan rediyo ko waya, mai shago ma sai da aka yi kaye ya dubi inda nake.

A wannan ɓangaren namu kuwa dambe ne ya shiga birni, kuma ba gwamnati ta ɗauke shi ba, ƙofa ce ta ɗauke shi. Gidan dambe kasuwanci ne: a kewaye fili, a sa mai tikiti, a biya 'yan wasa da makaɗa daga abin da aka tara. Haka yake a filin Ado Bayero a Kano, haka yake a Dei-Dei a Abuja, har Legas ya bi 'yan ci-rani. Saboda ana yinsa kusan kowane lokaci ba sai kaka ba, ya zama sana'a, ya yi ɓangarori irin na ƙungiyoyin ƙwallo: Arewa, Kudu, Guramaɗa, kowa da magoya bayansa. Ya yi tsarin sunaye da ke nuna gidan da mutum ya taso, Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, Bahagon wane in mai hagu ne. Ana sa gasar babur, ana sa ta mota. Daga baya waya ta shigo, bidiyon kisa ɗaya na daƙiƙa goma ya zagaya YouTube da Facebook har ƙasashen da ba su san inda Sakkwato take ba. Kokawa ba ta da wannan sa'ar, don abin da ke da daɗi a cikinta ba ya shiga daƙiƙa goma. Duka biyun dai suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, amma can ba a jin ɗuriyarsu sosai.

Sai waƙa. Ɗan kokawa yana da makaɗansa da kirarinsa, amma dambe ya yi dace da Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar nan tamu. Yawancin waɗanda ke ambaton tsofaffin gwanayen dambe Shago da Ɗandunawa yau ba su taɓa ganin ko turmi ɗaya nasu ba. A bakin Ɗan Anace suka san su, a kaset da rediyo. Ina ganin rabin girman da dambe ke da shi a zukatan mutanenmu daga nan ya fito.

Maganar lafiyar jiki ba ta da tsawo. Ɗan kokawa yakan samu targaɗe ko gocewar ƙashi. Ɗan dambe da fuska da haƙori da kai yake biya, kuma tsofaffinsu da yawa jikinsu na ba da labari.

Wanne ne namu? Duka biyu, kuma kada ka yarda wani ya ce maka ɗaya baƙo ne. Labarin baka na Kabawa yana cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a Surame da kufanta ke cikin jihar nan, da buwayar tsararrakinsa a fagen dambe da kokawa ya fara yin suna. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, yana da fagen dambe da na kokawa duka. Ka tuna kuma Kabi sai 1991 aka yanke ta daga jihar Sakkwato, Zamfara kuwa 1996, don haka gwanayen da ake cewa na can ne, a lokacinsu namu ne. In dai dole sai na auna, zan ce kokawa ta fi zurfin saiwa, don babu ƙauyen da babu ita, dambe kuma ya fi amo.

Ga baƙon kwana biyu, ni dambe zan kai shi, ko da yake zuciyata na wajen kokawa. Dalili ɗaya, shi ne ake iya samu a gari ba tare da jiran kaka ko biki ba. Na biyu, ba ya buƙatar tafinta: da kalangu ya ɗauki taken ɗan wasa, ya fito yana karkarwa yana kirari, baƙonka zai fahimci komai. Kokawa ta gaske sai ka dace da lokacinta, ko ka haƙura zuwa ƙarshen Disamba, lokacin da ake gasar takobi a 'yan shekarun nan, ka zaunar da shi gaban talabijin tare da dattijon da zai riƙa nuna masa ƙafa.

Ka tambayi mahautan unguwarku ranar da ake yi da wurin, su ba sa kuskuren wannan. Ku je bayan la'asar, don manyan wasanni sai rana ta yi sanyi ake sa su. Ka riƙe canji na liƙi ga makaɗa, ka nemi izini kafin ya ɗaga waya a fuskar ɗan wasan da ake yi wa shiri. Kuma ka dubi mutanen da kuka zauna a cikinsu kafin ka bar shi ya yi tafi, kada ya yi wa ɗan Kudu murna a tsakiyar 'yan Guramaɗa.