DS3231, DS1307 ko PCF8563: wane agogo za ka saya wa na'urarka?

Idan na'urarka ta farka bayan an ɗauke wuta tana nuna 1 ga Janairu 1970, ba lalacewa ta yi ba, rasa mai riƙe mata lokaci ta yi. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi daga na farko har na 4 ba shi da agogo mai batir, sai a Pi 5 na 2023 aka saka. Allon sarrafa na'ura na Arduino Uno kuwa daga sanda aka kunna shi yake fara ƙirga. Inda intanet take zaune, NTP, wato tsarin saita lokaci ta intanet, zai gyara maka komai. Amma allon lokutan salla a masallaci, ko mai kunna injin ruwa a gona, ko ƙararrawar makaranta, ba data a wurin, wuta kuma ta zo ta tafi sau ba adadi. Dole ka sayi ɗan allon RTC, wato agogo mai batir da ke riƙe lokaci ko an ɗauke wuta. Ni dai DS3231 nake saya, kuma sai da na ƙone kafin na gane haka.

Allon salla na farko da na haɗa wa masallacin unguwarmu, DS1307 na sa masa saboda araha. Azumi ya faɗo cikin bazara. Wata rana bayan la'asar ladan ya riƙe hannuna ya ce, "Injiniya, allon nan naka ya fara saɓa wa rana." Na duba, ya ja baya da mintuna. Abin da ya hana ni barci shi ne sahur: alfijir ya keto, allo na cewa da saura, wani bawan Allah yana ci.

Ga dalili. DS1307 ya dogara da kiristal na waje, ɗan dutsen da ke yi wa agogo ƙirge, mai bugun 32,768 a daƙiƙa, wanda aka yanka don ya yi daidai a zafin digiri 25. Da zafi ya wuce haka sai ya riƙa nawa, kuma nawar ninkuwa take yi: a digiri 45, irin na cikin akwati ƙarƙashin rufin kwano a Afrilu, yana rasa kusan kashi 14 cikin miliyan na lokaci, ban da kuskuren da ya zo da shi. Kashi 20 cikin miliyan kusan minti guda ke nan a wata, kuma masu arha sun fi haka muni. Ga shi sai volt 5 yake so. Bar shi ga ɗalibai su koyi aiki.

PCF8563 na kamfanin NXP ba ya cin batir sosai, amma kiristal ɗinsa na waje ne, ciwon ɗaya ne. GPS irin NEO-6M lokacinsa ba kuskure, sai dai yana son ganin sararin sama kuma yana cin wuta.

DS3231 kiristal ɗinsa a cikin aisi ɗin yake, wato ɗan baƙin guntun da ke kan allon, tare da ma'aunin zafi. Duk daƙiƙa 64 yana auna zafi ya gyara bugunsa da kansa. Takardar Maxim, kamfanin da Analog Devices ya saye a 2021, ta ba shi kashi 2 cikin miliyan tsakanin digiri 0 da 40, wato kamar minti ɗaya a shekara, sannan 3.5 har zuwa digiri 85. Yana aiki da volt 3.3 da 5 duka, yana da ƙararrawa biyu da za su iya tada na'ura daga barci. Abin da na fi so shi ne alamar OSF, wato alamar tsayawar bugu: in ya taɓa tsayawa zai gaya maka, ba zai miƙo maka 1 ga Janairu 2000 kamar gaskiya ba. A Arduino, umarnin lostPower na RTClib, wato kundin shirye-shiryen sarrafa agogon, shi yake karanta wannan alamar.

To amma ɗan'uwa, kasuwar cike take da jabu, kuma nan ne kuɗinka zai iya tafiya a banza. Na taɓa yin odar kwali guda daga wani mai sayarwa a intanet, hoto ya nuna DS3231SN, da kayan suka iso yawanci DS3231M ne. M ɗin ba jabu ba ne, amma kashi 5 cikin miliyan ne nasa, ba abin da na biya ba. Wasu kuma gwanjo ne da aka ciro daga tsofaffin alluna aka shafe aka sake rubutu. Sa tabarau mai ƙara girma ka duba: rubutu a karkace, ƙafafu da ragowar tsohuwar dalma, saman da ke sakin baƙi in ka goga masa man cire jan farce. Ka karanta zafinsa, ka ɗora yatsa minti biyu ka sake karantawa. In lambar ba ta motsa ba, mayar masa da kayansa. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na mako guda: saita shi da lokacin intanet ka ajiye. Na gaske bai kamata ya kauce fiye da daƙiƙa ɗaya da ɗoriya ba. Kada ka sayi ashirin kafin ka gwada biyu.

Sai batir. Shuɗin allon nan mai rubutun ZS-042, wanda ya fi yawa, yana da dayod da rizisto mai lamba 201 da ke tura wuta cikin batir. An yi shi ne don batirin LIR2032 mai caji, amma masu sayarwa CR2032 suke liƙa masa, wanda ba a cajinsa. A volt 5 batirin zai kumbura. Na ciro ɗaya ya yi tulu kamar ƙosai, ya buɗe mariƙinsa. Narkar da dalmar ka cire riziston nan, ka sa CR2032 mai kyau, zai yi shekaru. Batirin ma ka sa masa mita, sabo ya haura volt 3 kaɗan, don akwai waɗanda suka mutu tun a cikin kati.

Kafin ka ɗora wa allon laifi, duba naka ɓangaren. A Pi, umarnin i2cdetect -y 1 ya nuna 68, wato adireshin agogon; in ka ga 57 ma'ajiyar AT24C32 ce ta kan allon. Ka ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt, ka sake kunnawa, 68 ya koma UU, alamar Pi ya karɓi agogon. Ka cire fake-hwclock, shirin da ke kwaikwayon agogo, ka samu lokaci na daidai, sannan hwclock -w ya rubuta shi cikin agogon. Ajiye UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, a ciki, ka bar Africa/Lagos ko Africa/Niamey ya ƙara awa ɗaya, in ba haka ba za ka yi ta farautar awa guda da ta ɓata. A Arduino kuma, in duk sanda wuta ta dawo agogon na komawa ranar da ka loda shirin, layin rtc.adjust mai saita lokaci ne ka bari a buɗe. Sa shi ƙarƙashin lostPower, ko ka goge shi ka sake lodawa.