Tsakanin Nedved da Rosicky: amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Tomas Rosicky zai kamo ƙafar Pavel Nedved da a ce rauni bai addabe shi ba, kuma na fahimci cewa kallon da ka yi masa a Arsenal ne ya sa ka yi wannan tambaya. A ganina, idan ana maganar ƙungiyoyi akwai tazara mai yawa a tsakaninsu, amma idan aka koma ga hidimar da suka yi wa Jamhuriyar Czech, tazarar ba ta kai yadda mutane suke zato ba.

Dukansu 'yan wasan tsakiya ne, kuma dukansu daga Sparta Prague suka fita ƙasashen waje, sai dai Nedved, wanda aka haifa a 1972, ya girmi Rosicky da shekara takwas. Salon wasansu kuwa ya sha bamban. Nedved mutum ne mai gudun da ba ya gajiya, yana dukan ƙwallo daga nesa da kowace ƙafa, yana kuma komawa baya ya ƙwato ta da kansa. Rosicky ya fi shi taushin ƙafa da saurin hango inda zai miƙa ƙwallo, kuma ni kaina na fi jin daɗin kallonsa idan yana cikin ƙoshin lafiya.

Nedved ya tafi Lazio a 1996, inda ya ci ƙwallon da ta ba su nasara a kan Mallorca a wasan ƙarshe na gasar Cup Winners' Cup ta 1999, sannan suka ɗauki kofin Serie A a 2000. Juventus ta saye shi a 2001 domin ya cike gurbin Zidane, nauyin da ba kowa ne zai iya ɗauka ba, shi kuwa ya ɗauka. A 2003 ya zura wa Real Madrid ƙwallo a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai, amma dab da tashi aka ba shi katin gargaɗin da ya hana shi buga wasan ƙarshe, wanda AC Milan ta lashe a bugun fenariti. Har yau abin yana min ciwo. A ƙarshen shekarar aka ba shi Ballon d'Or a gaban Thierry Henry, ya zama ɗan ƙasarsu na biyu da ya same ta bayan Josef Masopust a 1962. Da aka mayar da Juventus rukuni na biyu a 2006 bai bar ta ba, ya zauna har ya yi ritaya a 2009.

Rosicky ya koma Borussia Dortmund a farkon 2001 yana ɗan shekara 20, ya ci Bundesliga a 2002, sannan ya zo Arsenal a 2006. A nan ne tambayarka take da ƙarfi, domin raunin da ya ji a Janairun 2008 ya cinye masa kusan shekara ɗaya da rabi, daidai lokacin da ɗan wasa yake ganiyarsa. Sai dai ko kafin raunin, bai taɓa zama ginshiƙin da babbar ƙungiya ta jingina da shi kamar yadda Juventus ta jingina da Nedved ba, kuma a shekara goma da ya yi a Landan babban kofin da ya samu bai wuce kofin FA ba.

A tawagar ƙasa Rosicky ya buga wasa 105 ya ci ƙwallo 23, Nedved kuwa wasa 91 da ƙwallo 18. Nedved yana cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe na gasar nahiyar Turai ta 1996, inda Jamus ta doke su 2-1 a Wembley. A gasar nahiyar Turai ta 2004 suna tare lokacin da suka farke ƙwallo biyu suka cinye Holland 3-2, kuma a wasan kusa da na ƙarshe da Girka, ƙwallon Rosicky ta daki turke tun farkon wasa, Nedved ya fita da ciwon gwiwa kafin hutun rabin lokaci, aka cire su a ƙarin lokaci. Rosicky ne ya ci ƙwallon da ta tabbatar musu da nasara a kan Norway a wasan neman gurbin Kofin Duniya na 2006, kuma a gasar da aka yi a Jamus ya zura wa Amurka biyu, kafin Asamoah Gyan da Sulley Muntari su ba Ghana nasara a kansu da ci 2-0. Bayan wannan gasa Nedved ya bar tawagar, Rosicky ya karɓi kyaftin, ya riƙe har gasar Turai ta 2016, inda wani raunin ya sake katse masa hanzari a wasansu da Croatia.