Kunun kanwar da ya tona mini asiri a Manchesta

Yaya, kin ce in gaya miki gaskiyar jikina, to ga ta, kuma na san sai kin yi mini dariya.

Kin san mako uku bayan haihuwa ƙafafuna suka kumbura, ba na iya kwanciya sai na jera filo uku, ina haki kamar na hau Dala da gudu. Likitoci suka ce zuciya ce ta gaza, irin wadda ke kama masu jego. Da za a sallame ni aka haɗo ni da sikeli da na'urar awon jini, aka sa mini wata manhaja a waya. Kullum da safe, bayan na kama ruwa, kafin in karya, sai in hau sikeli, in auna jini, in amsa tambayoyinta: numfashi fa, kumburi fa, filo nawa kika kwana a kai? Wai duk abin da na shigar yana zuwa wurin nas ɗin zuciya. Ni kuwa na ɗauka iyayin Turawa ne, wa zai zauna yana karanta nauyina?

Sai ga saƙon Gwaggo ta hannun wani mai zuwa: kuka, daddawa, kilishi, da kanwa ƙulli guda, wai mai jego ba ta zama babu kunu. Yaya, ƙamshin daddawar kaɗai sai da ya sa ni hawaye. Kwana uku ina damawa ina sha, ina korawa da kilishi. Rana ta huɗu na hau sikeli, waya ta nuna ja, na kife ta na ci gaba da shayarwa. Kafin ƙarfe goma aka kira ni.

"Nauyinki ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3. Wannan ruwa ne, ba ƙiba ba. Me kika ci?" Na shiga kame-kame, na ce ɗan kunun gero ne. Ashe nas ɗin Bayarabiya ce daga Ibadan. Ta ce, "Da kanwa ko babu?" Na yi tsit, kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan ta wanke ni tas: a wurin jiki kanwa gishiri ce, gishiri yana riƙe ruwa, zuciya mai rauni ba ta iya tura shi, sai ya taru a ƙafa, daga nan ya haura huhu. Ta ƙara mini maganin fitsari, furosemide, na 'yan kwanaki, ta sa a ɗebi jinina a duba ƙoda, ta ce in numfashi ya sarƙe in kira lambar gaggawa ta 999, kada in jira gari ya waye.

Abin da ya fi ba ni kunya, ita ta gaya mini tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu kan yawan wannan ciwo a tsakanin masu jegonmu, har suka zargi kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon wuta. Labarin tsakar gidanmu, sai a bakin wata na ji shi, a ƙasar wasu. Na tuna matar maƙwabcinmu da ta kumbura bayan suna. Aka ce kumburin jego ne, daga baya aka ce jifa ne, aka yi ta rubutu da turare, mai kemis kuma yana ɗirka mata maganin ciwon jiki diclofenac, maganin da aka hana ni ko taɓawa. Ba ta yi arba'in ba. Kowace a gidan nasu tana da wayar kallon TikTok, amma sikeli sai wurin 'yan gwangwan, ko mai yawo da shi a kasuwa a hau a biya.

Kada ki ɗauka nan aljanna ce. Manhajar ba ta san tuwo ba, balle miyar kuka, ba ta san azumi ba, kuma Turanci kawai take ji. In na makara minti goma ta dinga ƙara ke nan kamar mai bin bashi. Ganin likitan unguwa kuwa sai ki kira ƙarfe takwas cif, ki daɗe a layi, a ce miki yau ta cika. Magani kyauta ne har yaro ya shekara, bayan haka kowane guda fam 9.90, ni kuwa kala huɗu nake sha. Sannan wata biyu ina kwance, babu wanda ya yi sallama da kwanon fura ya ce "ya jiki". Waya ce ke tambayata, ita ma don ta cike gurbi.

Na ba mai komawa sikeli ya kawo miki saboda 'yarki da ta kusa sauka. Ba sai da manhaja ba, littafin makaranta ya isa: ta hau kullum da safe ki rubuta, in ya yi tsalle ko ta fara haki, ku wuce asibiti, ban da kemis. Ki gaishe da Gwaggo, ki ce kuka ta yi daɗi. Kanwar tana saman kabad, na kasa zubarwa.